Jif a Kan Dutsen Niƙa

Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsu tun la'asar sakaliya, kamar yadda take yi a Warzgol idan kaka ta yi nisa, ta bar kwarin cikin inuwa mai sanyi wadda ba dare ba ce, ba kuma yini ba. A tsakar gidan Purdum Wali, jif ɗinsa tana tsaye a kan ƙafafun gaba kawai. Bayanta a ɗage yake, an ɗora shi a kan wani faffaɗan dutsen niƙa da aka jera wa guntayen katako. Tsohon aksil ɗin baya, dogon ƙarfen nan da tayoyi biyu ke juyawa a jikinsa, yana yashe gefe guda a karye. Wanda zai maye gurbinsa, da aka ciro daga wata matacciyar mota a garin Citral, yana ajiye da tayoyinsa a ɗaure, yana jiran safiya.

Motar ta girmi 'ya'yan Purdum duka. Ita kaɗai ce ke iya hawa hanyar da ta biyo bakin kogi har ƙauyen, kuma babu gida a Warzgol da ba ta taɓa ɗaukar masa mai naƙuda ko majinyaci ko gawa ba. Shi ya sa da aksil ya karye, mazan unguwa suka fito da kansu. Jak, ƙarfen ɗaga mota, ba ya tsayuwa a tsakar gidan, don ƙasar ta sha ruwa ta yi laushi, sai suka kawo dogon gungume suka zura ƙarƙashin motar, suka danna tare, ta ɗaga.

Masu ba da labarin nan a shagunan shayi suna cewa wai Purdum satar dutsen ya yi. Ba haka aka yi ba, kuma ya kamata a gyara wannan magana. Da ya ga babu abin da zai riƙe nauyin motar sai dutse mai faɗi, ya hau zuwa tsohon ɗakin niƙa da ke saman ƙauye, wanda ruwa ya daina juya wa dutse tun zamanin kakanni. Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama sau uku, ya ajiye tafin hannu na garin alkama, ya saurara, kamar yadda kowa ke yi kafin ya taɓa wani abu a kango. Ba a amsa ba, ba a hana ba. Sannan aka mirgino dutsen zuwa gida, aka sauke motar a kansa da Bismillah. Mutane suka sha shayi mai gishiri, suka ce da safe za su dawo a sake ɗagawa a tura sabon aksil.

Purdum yana durƙushe yana wanke hannunsa da kananzir, matarsa Gul Andam tana gasa gurasa a ɗaki, autarsu Mertaj tana shigar da awaki garke, sai wani abu ya faɗo cikin farantin shayi ya fasa kofi. Purdum ya ɗauka ya duba. Noti ne, ɗaya daga cikin waɗanda ya kwance da rana ya zuba a gwangwani ya rufe. Ya waiwaya. Gwangwanin yana nan a rufe.

Wani ya sake faɗowa. Sannan tsakuwa ta fara sauka a kan rufin ɗaki, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jifan yana da lokaci. Awaki suka yi tsit. Kogin da ake jin kukansa dare da rana, ranar sai da aka kasa kunne kafin a ji shi.

"Auta!" Purdum ya kira. "Shigo ɗaki!"

Ya zagaya bayan motar ya same ta a durƙushe, tafin hannayenta biyu a kan dutsen niƙan, mayafinta ya zame, leɓɓanta sun yi baƙi. Ya dafa ta ya ji kamar ya taɓa ƙarfen da ya kwana a waje. Ta ɗago kai a hankali, ta dube shi da idanun da ba su san shi ba.

"Sanyi," in ji ta, da muryar da ta fi ta namiji kauri.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da yini Mertaj tana kwance ba ta magana, ba ta ci, ruwa ma sai an ɗura mata. Da inuwa ta rufe kwari sai jifa ya fara, ita kuma ta miƙe, ta ture duk wanda ya tare ta, ta je ta cusa kafaɗarta ƙarƙashin bayan jif, ta yi ta yunƙurin ɗagawa. Motar ba ta motsi. Kafaɗar ce ke salewa. Uwar tana ɗaure ta da tsumma da safe, da yamma tsumman ya jiƙe da jini. Yarinya 'yar shekara goma sha tara, mai ƙarfi da yawan dariya, ta koma kamar kara.

Purdum ya gane abin da ake so. Dutsen ake so. Amma dutsen yana ƙarƙashin mota, motar kuma ba ta ɗaguwa sai da mutane, mutanen kuwa sun ɗauke ƙafa. Wannan shi ne abin kunyar da Warzgol ba ta son a tuna mata. Mazan da suka yi alkawarin dawowa da safe, ba wanda ya dawo. Mata suka sauya hanyar ɗebo ruwa. Maƙwabcinsa na katanga ɗaya, Zarin Shah mai shago, wanda ya fi kowa ɗaga murya ranar da ake mirgino dutsen, ta kan katanga kawai yake leƙowa.

"Zarin, ku zo mu ɗaga motar nan. Aikin bai fi tsawon shan kofin shayi ɗaya ba."

"Wallahi Yaya, bayana ne ya riƙe tun shekaranjiya."

"Bayanka? Jiya na gan ka da buhun dankali a ka."

"To ai shi ya ƙara riƙe shi." Ya rage murya. "Yaya, ka dubi Allah, ina da 'yan mata a gida."

"Ni kuma tawa akuya ce?"

Zarin Shah ya sauke kansa bayan katanga, bai sake bayyana ba.

Purdum ya gwada shi kaɗai. Ya rataya duwatsu a kan gungumen, ya hau ya danna da dukan nauyinsa, Gul Andam ta kama masa. Gungumen ya lanƙwasa, motar ba ta ko girgiza ba. Da magariba ta yi, ya tsaya a tsakar gida cikin ruwan tsakuwa, bai sunkuyar da kai ba, ɗaya ta fasa masa goshi.

"Ga ni nan!" ya ce wa iska. "Ni na ɗauko! In kai namiji ne, ka zo gare ni!"

A bayansa ya ji ƙarar kafaɗar 'yarsa tana bugun ƙarfe.

Da asuba ya ɗaura alkyabbarsa ta ulu, ya ƙetare gadar igiya, ya kama hanyar ƙafa zuwa ƙauyen da ke hayi, inda Malam Mir Ajab yake. Tsoho ne da ya yi karatu mai zurfi, gajere, mai sanyin magana, ba ya karɓar komai a kan irin wannan aiki. Ya saurari labarin har ƙarshe bai katse ba, sannan ya ɗauki sandarsa. Sun iso Warzgol rana tana gab da ɓuya.

Malam bai shiga ɗaki ba. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, tsakanin ƙofa da motar. Ya ƙona busasshen ganyen turare na kan dutse, ya yi alwala, ya zauna yana karatu ƙasa-ƙasa. Inuwa ta sauko. Tsakuwa ta farko ta faɗi kusa da gwiwarsa, bai ɗaga ido ba. Ƙofar ɗaki ta buɗe, Mertaj ta fito tana jan ƙafa, ta nufi jif. Da ta zo daidai hayaƙin sai ta tsaya cak kamar ta yi karo da bango.

"Zauna," in ji Malam.

Ta zauna, zaman da ba na 'ya mace ba, gwiwoyi a buɗe, hannaye a kan cinya.

"Assalamu alaikum. Musulmi ne kai?"

Sannan muryar nan ta fito, kamar ana jan dutse a kan dutse. "Wa alaikumus salam. Tun kafin a haifi kakanka."

"To me kake yi a jikin 'yar Musulmi?"

"An ɗauke mini rufin gida."

"An yi sallama," in ji Purdum daga inda yake tsaye. Malam ya ɗaga masa hannu, amma bai tsaya ba. "Sau uku, da gari. Ka tambayi kowa."

Kan yarinyar ya juyo gare shi a hankali. "Ba na nan. Ranar da kuka sauko da dabbobinku daga makiyayar tudu, mu muke hawa mu karɓi wurin. Ɗan yaye ma ya san wannan a kwarin nan. Na hau in share mana masauki, na bar uwata a ƙarƙashin dutsen. Tsohuwa ce, kurma. Wa zai amsa maka? Na dawo na same ta a fili, raɓa tana daskarewa a kanta. Ba ta iya tafiya, ba na iya ɗauke ta. Har yanzu tana can."

Gul Andam ta rufe baki da mayafi. Purdum ya san gaskiya ne: ranar da ya je ɗakin niƙa, ranar ce garkuna suka sauko, kuma a irin ranar ba a neman izini a kango, ana jira sai an kwana biyu. Gaggawa ta mantar da shi.

"Me ya hana ka ɗauki dutsenka?" Malam ya tambaya.

"An ɗora masa ƙarfe da sunan Allah. Ba na taɓa shi sai mai shi ya yarje mini. Kuma abin da hannun ɗan Adam ya ɗauke, hannun ɗan Adam ne ke mayarwa. Na ce ko da jikin 'yarsa zan iya. Ban iya ba."

"Ka ji, Purdum. Kana da laifi."

"Na ji, Allah gafarta Malam, na kuma karɓa. Na yi wa tsohuwa laifi, zan mayar mata da rufinta, in roƙe ta gafara ko da ba za ta ji ni ba." Ya matso har hayaƙin yana shiga idonsa. "Yanzu a zo kan nawa. Kai, wa ya ɗauki dutse?"

"Kai."

"Wa ya yi sallama a ranar da ba ta dace ba?"

"Kai."

"To ita wannan me ta yi maka? Tana garke tana ɗaure awaki. Ka ga ƙato mai gemu a tsaye ka wuce shi, ka je ka kama yarinya. A garinku haka ake shari'a?"

Tsakuwa ta zubo a kan rufi gaba ɗaya kamar an juye kwando. Idanun Mertaj suka kaɗa suka yi ja. Malam ya ɗaga muryar karatu, jikin yarinyar ya yi ta karkarwa, har ya lafa.

"Ka yarje mini," in ji muryar. "In ɗaga motar da kafaɗar nan yanzu, ku zare dutsen, in tafi."

"Ba da kafaɗar 'yata ba. Ko ƙuda ba za ka sake ɗagawa da ita ba."

"To zan zauna a cikinta har dusar ƙanƙara ta rufe hanya."

"Uwarka kuma ta kai lokacin a fili?" in ji Malam, a hankali.

Kan yarinyar ya sunkuya ƙasa.

"Ku saurara, ku biyun," Malam ya ci gaba. "Dutsen nan gangarowa aka yi da shi. Komawarsa hawa ne, ba mai iya tura shi tudu sai mota. Mota ba ta tafiya sai da aksil. Aksil ba ya shiga sai an ɗaga ta. Masu ɗagawa kuwa kai ka kore su da jifa. Saboda haka aikinsu ya dawo kanka. Za ka fita daga jikin yarinya, fitar da ba komowa, ka rantse da wanda ya halicce ka daga wuta. Purdum zai yarje maka, ka ɗaga da hannunka, ka riƙe har ya gama. Gobe kafin hantsi dutse yana mazauninsa."

"Da abu ɗaya," in ji Purdum. "Zai nemi gafararta."

Dariya ta fito daga bakin Mertaj, mummuna. "Ni? In roƙi 'yar jiya?"

"Ni zan roƙi uwarka. Kai ka fi ni ne?"

"Na rantse zan fita, zan ɗaga, zan riƙe. Wancan ban rantse ba."

Purdum ya buɗe baki, Malam ya dube shi da ido ɗaya. "Karɓi wannan tukuna." Ya juya ga yarinyar. "Fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Kada ka taɓa ido, kada ka taɓa kunne."

Ƙafar yarinyar ta miƙe ta sandare, ɗan yatsan ya yi rawa, sannan ta sulale gefe. Uwarta ta tare ta. Hayaƙin turaren ya lanƙwasa ya nufi motar, alhali babu iska.

"Na yarje maka," in ji Purdum. "Ɗaga."

Sifirin, ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke tsakanin jikin mota da aksil, suka yi ƙara. Guntayen katakon da ke kan dutsen suka zube. Bayan jif ya tashi a hankali, ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, ya tsaya a sama, babu komai a ƙarƙashinsa sai duhun magariba. Purdum da Malam suka ja dutsen niƙan gefe da igiya. Suka kama sabon aksil suka gangaro da shi a kan tayoyinsa har ƙarƙashin motar. Purdum ya kunna fitila, ya ɗauki sifana, ya kwanta rigingine ya shige.

Aikin a nan na ido ne. A tsakiyar kowane sifirin akwai ɗan kan ƙusa, a jikin aksil kuma akwai ramin da zai zauna. In suka haɗu, motar ta zauna daram. In suka saɓa aka sauke, sai ta zame, kuma abin da ke ƙarƙashinta ƙirjin mutum ne.

"Sauko kaɗan," in ji Purdum. Motar ta sauko. "Ƙara. Tsaya nan."

Saura faɗin yatsa biyu. Ya gyara gefen dama ya yi daidai. Na hagu ya rage, ɗan turi kaɗan yake so. Sai Purdum ya ajiye sifana a kan cikinsa, ya harɗe hannayensa.

Malam ya sunkuya ya leƙa. "Me ya faru?"

"Ina jira."

"Jiran me?"

"Ya sani."

"Purdum, ka ji tsoron Allah. Ba a wasa da irin wannan."

"Ba wasa nake ba, Allah gafarta Malam. Ya rantse zai riƙe har in gama. Ban gama ba."

Duhu ya ƙara sauka. Sanyi ya taso daga ƙasa. Motar ta fara rawa, tsatsa da busasshiyar laka suna zubowa a fuskar Purdum, bai kawar da kai ba. Ƙarfe ya yi wani dogon nishi. Bayan jif ya sunkuyo ta hagu har ya ji sanyin tankin mai a kan hancinsa.

"Baban Mertaj!" Gul Andam ta yi kururuwa. "Ta dawo! Wallahi ta buɗe ido, ta san ni! Me kuma kake nema? Fito!"

"An saɓule mata kafaɗa a banza. Ba zan fito in dube ta in ce mata shi ke nan, an wuce wurin ba."

"Sai ka mutu ka bar ta marainiya, shi ne gyaran?"

Ya ƙura wa ƙarfen da ke kansa ido. "In ka gaji ka saki," ya ce a hankali. "Sai mu ga wanda zai kai wa tsohuwa rufinta."

Mertaj ta yunƙura ta zauna a jikin uwarta. Ta ga motar a rataye a sama, ta ga ƙafafun ubanta sun leƙo daga ƙarƙashi, takalmi ɗaya ya cire. Ba ta tambayi komai ba. Duk kwanakin nan tana ciki tana ji, bakin ne kawai ba nata ba.

Sai murya ta fito daga ƙarƙashin motar, ba daga bakin kowa ba, a shaƙe, kamar ta mai ɗauke da kaya.

"Yarinya."

Mertaj ta ɗago kai.

"Ba ke kika ɗauka ba. Na zalunce ki. Ki yafe mini."

Purdum ya lumshe ido. Malam ya dubi Mertaj, yana gyaɗa mata kai ta yi sauri. Muryarta ta fito siririya, a dishe, amma tata ce.

"Sai babana ya fito."

Purdum ya sa tafin hannu ya tura aksil. Kan ƙusa ya faɗa raminsa da 'yar ƙara. "Sauke," in ji shi. Motar ta sauko a hankali, a hankali, ta zauna a kan ƙafafunta huɗu ba tare da ko ƙura ta tashi ba. Ya zura ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksil, ya ɗaura notuna ɗaya bayan ɗaya, ya matse kowane har sifana ta ƙi juyawa. Bai yi gaggawa ba. Sannan ya jawo jikinsa waje, ya miƙe, fuskarsa duk tsatsa da jinin goshi.

Rantsuwa ta cika. Babu abin da ya rage da zai tsare mai muryar nan a gidan, kuma Malam ya fara naɗe buzunsa. Amma hayaƙin turaren bai miƙe ba. Yana nan a lanƙwashe, ya karkato wajen yarinyar, ya tsaya.

Mertaj ta dubi ubanta daga sama har ƙasa, ta tabbata ba abin da ya karye. Sannan ta juya ga inda hayaƙin ya nuna.

"Na yafe," ta ce. "Je ka lulluɓe tsohuwa kafin safiya."

Hayaƙin ya miƙe. Ƙyauren gida ya buɗe da kansa, ya rufe a hankali, kamar yadda baƙo mai kunya ke rufewa.